Littafi mai marubuta da yawa: da me ake farawa kafin a kai maɗaba'a?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum malamai. Wani sashe a jami'a ya tara maƙalu 14 daga taron ƙara wa juna sani, ana so a mayar da su littafi guda. Wanda aka ɗora wa haɗa aikin, da me zai fara? Kuma yaushe ake neman lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa?

Malama ta Kongo:
Wa alaikumus salam. Ya fara da jadawali ɗaya: sunan babi, marubuci, ranar da ya iso, wanda aka ba tantancewa, ranar da ya dawo. Kowane babi a cire sunan mai shi, a ba masana biyu. A cire har wanda ke ɓoye cikin bayanan fayil ɗin Word, don nan ne asiri ya fi tonuwa. Idan biyun suka saɓa, a nemi na uku.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne manazarta. Wannan ya bi tsarin APA, wancan MLA (hanyoyi biyu na jera manazarta), wani ya ambaci aiki a cikin babi amma babu shi a jerin ƙarshe. A zaɓi tsari ɗaya tun farko, a tura wa kowa samfurin shafi guda. Sannan kowane marubuci ya sa hannu a takardar yarda cewa aikin nasa ne kuma ba a taɓa buga shi ba. Don Allah kada a kai komai wurin tsara shafi sai babi na 14 ya kammala. Gyara a Word minti biyar ne. Bayan an tsara, sakin layi ɗaya kan ture shafuka goma.

Mai Tsara Shafi:
Malama ta faɗi gaskiya. In akwai Hausa a ciki, a duba ƙ, ɗ da ɓ. Tsofaffin nau'o'in haruffa da aka yi wa dabara sukan rikiɗe idan fayil ya koma wata kwamfuta, sai ka ga ƙasa ta zama kasa ko akwatin banza. A yi amfani da haruffan Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci ke ganewa, a kuma haɗo PDF don a riƙa gwadawa. Hotuna da taswirori su zo daban, 300 dpi (ma'aunin ingancin hoto a bugu), ba waɗanda suka bi ta WhatsApp ba, don yana matse su har su dushe a takarda.

Galibi ana buga littafi ne a ninki mai shafi 16, saboda haka shafi 258 asara ce, don shafi biyu kacal za su ci sabon ninki, gara a matse zuwa 256. Bango kuma sai an san adadin shafuka da kaurin takarda, giram 70 ko 80, don da su ake auna faɗin gadon bayansa. Fihirisa ita ce ta ƙarshe, bayan an kulle lambobin shafi.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka da alheri. Saura batun ISBN.

Tsohon Ma'aikacin Laburare:
Malam, a Najeriya Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita. Lamba 13 ce tun 2007. Idan maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ko wani kamfani mai rajista ne zai wallafa, shi zai sa tasa. Kada a ari ta wani, don littafin zai shiga kundi da sunan mai lambar. A neme ta idan take da sunayen editoci sun tabbata, kafin a rufe shafin haƙƙin mallaka. Mai bango mai kauri da mai laushi kowane da lambarsa. Bayan bugu, dokar 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 a Laburaren Ƙasa. A ware su tare da kwafin marubuta tun kafin ranar ƙaddamarwa, in ba haka ba manyan baƙi za su kwashe.