Taken lambar mota: Yankari kaɗai ce fuskar Bauchi?

Malam Sabo, Azare: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A jikin lambar motocinmu an rubuta wai Bauchi ce lu'ulu'un yawon buɗe ido. Mu a Katagum noma da kiwo da kasuwa muka sani. An ɗauko gandun dajin Yankari da ke Alkaleri, an rataya wa ƙananan hukumomi 20 a wuya. Wannan take ba namu ba ne.

Hajiya Larai, Bauchi: Haba Malam. Ka je Legas ka ce daga Bauchi kake, giwayen Yankari da ruwan ɗumin Wikki za a fara tambayarka. Ruwan nan garau yake, kana tsaye a ciki kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Gero da dawa kuwa kowace jihar Arewa na da su.

Malam Sabo: Hajiya, wa aka yi wa alamar, mu ko baƙi?

Isiyaku, Dass: Baba Sabo, a yi haƙuri in sa baki. Ai ba Yankari kaɗai ake zuwa gani ba. Ga kabarin Abubakar Tafawa Balewa a cikin garin Bauchi, ga duwatsunmu na Dass, ga hawan Sallah har a fadar Sarkin Katagum ɗinku. Ƙungiyar ƙwallon jiha ma Wikki Tourists take, kuma ban taɓa jin ɗan Azare ya ƙi yi mata ihu ba.

Malama Hauwa, Gombe: Mu da aka cire daga cikinku a 1996, taken lambar motarmu yanayin ƙasar kawai ya ambata, bai kama sunan wuri ko ƙabila ba. Shi ya sa Tangale da Tera da Waja da Fulani kowa ya samu shiga.

Malam Sabo: Yauwa Malama, abin da nake faɗa ke nan.

Hajiya Larai: To a sa me? Ka ce garin Yakubu da ya kafa masarautar Bauchi, Misau da Jama'are da Ningi su ce ba kakansu ba ne. Gara dajin, shi ba na gidan sarautar kowa ba ne. Ni abin da ke damuna daban ne. Tun 2006 Yankari ta dawo hannun jiha, amma yaranmu nawa ne suka taɓa ganinta? A riƙa kwasar 'yan firamare daga Gamawa da Zaki ana kai su, su ga giwa ido da ido.

Malam Sabo: A fara kai su ɗin tukuna, Hajiya. Har yanzu ban sauka daga maganata ba.