Da me zan koyar da ɗan shekara 14 tarihin tsohuwar Masar a gida?

Maman Sadik:

Assalamu alaikum jama'a. A gida nake koyar da ɗana, shekararsa 14, kuma zangon da za mu shiga na ware shi ga tarihin tsohuwar Masar: mako goma sha biyu, awa uku kowane mako. Turanci ba ya ba shi wahala. Abin da nake samu iri biyu ne, ko littattafan ƙananan yara masu cike da hoton dala da busassun gawarwaki, ko na jami'a masu nauyin gaske. Don Allah masu ilimin abin, ta ina zan faro? Wane littafi da waɗanne shafukan intanet ne abin dogaro? Kuma wane aikin hannu ne ba zai raina ba?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki faro da dala ko gawa. Ki faro da lokaci da kogi, domin in waɗannan biyun ba su zauna a kan yaro ba, sauran duk sai su cakuɗe masa.

Makon farko a haɗa takardu su kai mita biyar da 'yan kai, a manna a bango, kowane santimita ɗaya a madadin shekara 10. Daga haɗewar ƙasar a hannun Narmer, wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya, zuwa mutuwar Sarauniya Kiliyofatara a shekara ta 30 kafin Miladiyya zai cinye mita uku; daga nan zuwa yau mita biyu kacal. Sai ya yi wa zamanai uku launi: Tsohuwar Daula (wajen 2686 zuwa 2181), Daula ta Tsakiya (wajen 2055 zuwa 1650), da Sabuwar Daula (wajen 1550 zuwa 1069), ya bar tazarar da ke tsakaninsu fari, don su ne lokutan da mulki ya rarrabu. Da idonsa zai ga cewa Kiliyofatara ta fi kusa da saukar ɗan Adam a duniyar wata a 1969 fiye da ginin babbar dalar Giza. Inda yara ke tuntuɓe shi ne ƙidayar kafin Miladiyya baya-baya take tafiya, sai su ɗauka 1500 ta riga 2500. Takardar bangon ce maganin wannan, shi ya sa ba a cire ta sai an gama zangon.

Mako na biyu taswira. Ya zana Nilu da hannunsa tun daga Khartum, inda ruwan da ya taso daga tafkin Tana na Habasha ke gamuwa da Farin Nilu, har zuwa Bahar Rum. A nan ma akwai tarko: Masar ta Sama ita ce kudu, ta Ƙasa ita ce arewa, saboda kogin arewa yake gangarawa. Ki haɗa masa da kalandarsu mai lokuta uku, Akhet na ambaliya, Peret na shuka, Shemu na girbi, kowanne wata huɗu mai kwana 30, da ƙarin kwana biyar, ya zama 365. Ya kuma sani wannan ambaliyar ta daina faruwa a Masar tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970.

Sauran makonnin goma zan raba su haka: biyu ga Tsohuwar Daula, ɗaya ga ta Tsakiya, uku ga Sabuwa (Hatshepsut, Akhenaten, Tutankhamun, Ramsis na Biyu), ɗaya ga sarakunan Kush (daular da ke yankin Sudan ta yau) da suka mulki Masar a gidan sarauta na 25 irin su Piye da Taharqa, ɗaya ga zamanin da ya biyo zuwan Iskandar, sarkin Makidoniya, a 332 kafin Miladiyya, biyu ga rubutun bincikensa na kansa. Makon Kush ɗin nan kada a tsallake shi. Littattafai da yawa shafi ɗaya suke ba shi, alhali yawan dalolin da ke Sudan ya ɗara na Masar.

Littafi kuwa, The Rise and Fall of Ancient Egypt na Toby Wilkinson (2010) a jere yake tafiya kamar labari, ɗan 14 mai son karatu zai iya babi ɗaya a mako. The Oxford History of Ancient Egypt da Ian Shaw ya tsara naki ne, na duba shekaru da sunaye.

Mai Bin Diddigi:

Malam ya shimfiɗa tabarma, ni zan ɗora abu ɗaya da nake ganin shi ne ya bambanta karatun matashi da na ƙaramin yaro: a riƙa ajiye masa shaidar kanta a gabansa, a tambaye shi wa ya rubuta, don wa, me ya ɓoye.

Yaƙin Kadesh ya fi komai dacewa da wannan. Wajen 1274 kafin Miladiyya Ramsis na Biyu ya gwabza da Hittiyawa, mutanen wata daula a yankin Turkiyya ta yau, ya sa aka sassaƙa a bangon Abu Simbel da Karnak da Luksor cewa shi kaɗai ya tarwatsa su. To amma garin Kadesh a hannun Hittiyawa ya ci gaba da zama, kuma bayan shekara goma sha biyar ko sha shida ɓangarorin suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya wadda rubutunta ya wanzu a harshen tsohuwar Masar da na Akkadiya. A ba shi fassarar bangon da ta yarjejeniyar, ya rubuta shafi ɗaya a kan wa ya yi nasara da hujjarsa.

Game da su wa suka gina dala, a nemo masa labarin takardun Merer, waɗanda tawagar Pierre Tallet ta tono a Wadi al-Jarf a 2013. Littafin aikin wani shugaban ma'aikata ne da ke jigilar farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza a zamanin Khufu, sarkin da aka gina wa babbar dalar. A haɗa da garin ma'aikatan da Mark Lehner ya tono kudu da dalolin, mai gidajen gasa burodi da wuraren kwana. Wannan zai tsare shi daga bidiyoyin da ke cewa wasu halittu daga sama ne suka yi ginin. Da ma su ne za su fara fito masa in ya yi bincike shi kaɗai, don haka gara ki zaɓo shafukan tun kafin darasi.

Waɗanda na amince da su, duk kyauta: Digital Giza na Jami'ar Harvard, Theban Mapping Project mai taswirar kaburburan Kwarin Sarakuna, da na Griffith Institute a Oxford, inda aka sa katunan da Howard Carter ya rubuta da hotunan Harry Burton na kabarin Tutankhamun da aka gano a Nuwamban 1922. Ya zaɓi kaya ɗaya daga cikin fiye da 5,000 da aka samu, ya bi katinsa da hotonsa, ya rubuta bayaninsa. Shafukan British Museum da Metropolitan Museum ma suna da hotunan kayayyaki da cikakken bayani.

Maman Sadik:

Allah Ya saka muku da alheri. Na san tambayar da zai fara yi ita ce wanne ne Fir'aunan Annabi Musa (AS). Me zan ce masa?

Malamin Tarihi:

Ki gaya masa gaskiya, Hajiya: Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, Attaura ma haka, masana tarihi kuma ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba. An fi yawan kawo Ramsis na Biyu ko ɗansa Merneptah, amma hasashe ne. Kalmar Fir'auna laƙabi ce, daga "per-aa", wato babban gida. Fadar ake nufi da farko, sai a Sabuwar Daula aka soma kiran sarkin kansa da ita.

Anti Mai Lissafi:

Yar'uwa, ga aikin hannu mai sa tunani.

Dalar kwali a ma'aunin ɗaya bisa dubu. Gindin dalar Khufu kusan mita 230 ne kowane gefe, tsayinta na asali kusan mita 146, to a kwali gindi santimita 23, tsayi 14.6. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne yanka fuskokin huɗu masu kusurwa uku da tsayin 14.6, sai dalar ta fito a daddashe, ba ta wuce santimita 9 ba, domin fuskar a kishingiɗe take. Tsayin da za a yanka 18.6 ne. Kada ki ba shi lambar, ya fito da ita da ƙa'idar Fitagoras daga 14.6 da rabin gindi, 11.5.

Busar da gawa kuwa, sinadarin da suke rufe ta da shi kusan kwana 40 daga cikin 70 na aikin dangin kanwa ne, daga Wadi Natrun. A yanka tuffa gida huɗu, a auna kowane yanki a sikeli a rubuta. Ɗaya a binne shi cikin gishiri zalla, ɗaya cikin garin kanwa, ɗaya cikin haɗin rabi da rabi, na huɗu a bar shi haka don kwatance. Garin ya rufe yankin da kaurin santimita biyu ta ko'ina. Kofin da aka sa kowane yanki a ciki a bar shi a buɗe a wuri busasshe. In aka rufe, danshin ba ya fita, sai fumfuna. Bayan kwana bakwai a kakkaɓe da busasshen buroshi, ban da wankewa, a sake aunawa, ya lissafa kashi nawa cikin ɗari kowanne ya rage.

Lissafinsu ma zai ji daɗinsa. A takardar Rhind da ke British Museum, wadda magatakarda Ahmes ya kwafa wajen 1550 kafin Miladiyya, ninkawa biyu-biyu suke yi. 13 sau 24: a jera 1 da 24, 2 da 48, 4 da 96, 8 da 192. Tunda 1 da 4 da 8 ne suka ba da 13, sai a tara 24 da 96 da 192, a sami 312.

Rubutunsu na hotuna kuma kada a tsaya ga jadawalin "rubuta sunanka" da ke yawo, yana sa yaro ya zaci kowane hoto harafi ne. Alamomin baƙi ɗaya-ɗaya kusan 24 ne, sauran ɗaruruwan wasu baƙi biyu ko uku suke ɗauka, wasu ma ba a furta su, ma'anar kalma kawai suke nunawa. Ba a rubuta wasali, kamar Larabcin da ba a yi wa wasulla ba, kuma daga inda tsuntsaye da mutane suka fuskanta ake fara karatu. How to Read Egyptian Hieroglyphs na Mark Collier da Bill Manley yana da atisaye a kan rubutun duwatsu na ainihi. Minti ashirin sau uku a mako ya isa ya iya karanta sunayen sarakuna a cikin zobensu kafin ƙarshen zangon.