Yarana sun nace sai sun gina bukkar kara a tsakar gida, in bar su?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Hutun da ya wuce mun je garinmu wajen Hajiyata, an gama girbi kara ko'ina, sai yarana biyu, babban shekara 7 ƙaramar 5, suka haɗu da 'ya'yan yayana suka kama ginin bukka a bayan gida. Wallahi kwana huɗu ko cigiyar wayata ba su yi ba, yaran da a Kano in ba a kunna musu katun ba sai kuka, da safe a sha koko su fice sai an yi ta ƙwala kira kafin su zo cin abinci. To yanzu mun dawo sun dame ni in sa a kawo musu kara su yi a tsakar gida, Abbansu kuma ya ce shi ba ya son tarkace ga kunama, su zauna su yi karatu. Ni dai raina ya ba ni akwai abin da suke samu a ciki, na rasa yadda zan mishi bayani ne. Me yaro yake koya a wasan nan?

Ɗan Karkara:
Wa alaikumussalam Hajiya, kin tuna min da baya. Ai bukkar farko ba ta kwana, mu ma haka muka yi, mu soke kara a ƙasa mu haɗe kansa, iska na tasowa ta kwashe. Daga nan ne za ka koma ka tsuguna ka kalli yadda manya ke jinka, sai ka gane ashe sai an tona rami an zuba ruwa an kafa dirka mai baki biyu an danne gindinta, sannan a zagaya da tanka a ɗaure tamau. Ka gane karan dawa ya fi na masara ƙwari, ka gane busasshiyar kaba karyewa take in ba a jiƙa ta ba, in babu igiyar rama ka je ka sale ɓawon kalgo. Har ƙofa ba ma yi mata ta gabas, don ta nan hadari ke tasowa, kuma ba wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana, ruwa ne ya dake mu a ciki sau ɗaya. Har yau in dangar gidanmu ta faɗi ba na kiran kowa.

Malamar Firamare:
'Yar uwa ki bar su. Shekarata 11 ina koyarwa, kuma abin da na fi shan wahalarsa a aji shi ne yaro ya gwada abu ya ƙi, ya sake gwadawa ba tare da ya yi zuciya ba. Bukka kuwa dole ta koya mishi wannan. Ga awo, za ki ji suna taki uku nan, kamu biyu can, wannan karan ya fi wancan tsawo. Ga rabon aiki, wa zai riƙe wa zai ɗaure, a yi faɗa a shirya tunda mutum ɗaya ba ya tada ta. Abu ɗaya zan roƙe ki, kada ki sa musu hannu. Mu iyaye mata ba mu da haƙurin ganin abu a karkace sai mu karɓa mu gyara, to da kin gyara ta zama taki. Kuma ki lura kada babban ya mai da ƙanwar 'yar miƙo kara kawai, ita ma a bar ta ta ɗaure ko da zai kwance.

Baba Mai Goro:
'Yata, maganar maigidanki ma abar dubawa ce fa. Karan da ya daɗe a jibge kunama na shiga, a ƙauye har maciji, sai babba ya fara juya shi da sanda ya baza a rana, su sa takalmi, kuma da magariba kowa ya fito. Amma ni wuta na fi tsoro. Yara in sun gama bukka sai su ce za a yi girki, daga tuwon ƙasa a koma ɗauko ashana, ga hunturu komai ya bushe. A unguwarmu haka aka yi, kafin a ɗebo ruwa ta cinye dangar maƙwabci da rumbu guda, Allah ne ya kiyaye yaran. Ki nisanta ta da murhu da janareta.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba maganar ashana ta shige ni, ban kawo ta a raina ba sam. Malama kin kama ni, a can ma sai da Hajiyata ta ce in fita musu a ciki. Zan karanta wa Abbansu in ya dawo. Malam Ɗan Karkara dami nawa kake ganin zai ishe su?

Ɗan Karkara:
Dami biyu ya isa Hajiya, ki haɗa musu da sanda huɗu masu baki biyu da 'yar igiya. In kin samu tsohuwar zana ki ba su su yi rufi.