Rigakafin ƙyanda a majami'un Afostolik na Zimbabuwe: abin da masana suka ba da shawara

Ƙyandar da ta ɓarke a gundumar Mutasa a Afrilun 2022 ta kashe yara fiye da 700 a Zimbabuwe, akasarinsu ba a taɓa yi musu allura ba. Da yawa 'ya'yan mabiya majami'ar Afostolik ta Johane Marange ne, wata ɗarikar Kirista, waɗanda ke dogaro da addu'a da ruwan da aka tofa wa addu'a maimakon asibiti.

Shawarar da ta fi ƙarfi a wurin masana ita ce a fara da shugabannin majami'a da mazaje, domin uwa ba ta da ta cewa idan maigida ya hana. Matsa mata lamba ba ya sa komai sai ɓoye yaro a ɗaka, har da mara lafiya.

Akwai matan da ke kawo 'ya'yansu rigakafi a sace. A karɓe su da yamma, ta ƙofar baya, a kuma ajiye katin yaron a asibiti, kada a gan shi a gida. Wannan sirri amana ce.

Allura biyu ce, a wata 9 da wata 18, haɗe da bitamin A. Kwalbar maganin rigakafin da aka haɗa da ruwansa, a zubar da ita bayan awa 6. A shaida wa uwa tun farko cewa yaro zai iya yin ɗan zazzaɓi bayan mako guda, don kada a ce azaba ce ta sauka.