Karatun kaka: shawarwarin masu ajiye littattafai a Garwa ta ƙasar Kamaru

Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, abin da aka fi jaddadawa shi ne a fito da littattafai a duba su kafin a fara karatu. Raɓar damina kan manne shafuka, gara kuma daga ƙasan akwati take farawa. A shanya su a inuwa kwana biyu, a buɗe, ba a rana ba, domin rana tana lanƙwasa bango ta busar da gam har takardu su zube. Wanda ya yage a liƙa shi da ƙaro da siririyar takarda. Salatif yakan bar tabo bayan shekaru. Sannan a sa busasshen ganyen dalbejiya a akwatin ƙarfe, a ɗora shi bisa bulo.

Masu ajiye littattafan sun fi yin magana a kan maimaita tsofaffin littattafai, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Kundi uku ne, don haka a ba kowanne wata guda, labari ɗaya bayan isha'i, a karanta a bayyane. Nan ne yaran da suka yi makarantar Faransanci ke tuntuɓe: sukan karanta "c" kamar "k" ko "s", su wuce ƙugiyar ƙ, ɓ da ɗ, sai ɓari ya koma bari. Minti goma na nuna musu haruffan a daren farko yana maganin wannan, kuma lallai ya cancanci wahalar.

Fitilar sola a caje ta tun rana. Littafin aro kuwa, a rubuta ranar da ya fita.