Neman shawara: gidan da nake son saya akwai 'yan haya a ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara kafin in saki kuɗi. Dillali ya kai ni wani gida a Ƙofar Ƙaura, ginin bulo, da rijiya a tsakar gida, kuma farashin ya yi mini. Sai dai akwai magidanta biyu da ke haya a ciki, da wata baiwar Allah mai marayu a ɗakin bakin zaure. Mai gidan ya ce in biya kawai, shi zai tashe su cikin wata guda. Amma da na tsaya gaisawa da ɗaya daga cikinsu, sai ya ce mini bayan ƙaramar Sallah suka biya kuɗin shekara cif, har ya ɗauko rasit ya nuna mini. Ni ma haya nake, kuma iyalina nake son mayarwa ciki. Ina mafita?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Ranar da kuɗinka suka shiga hannunsa, shi ya huta, kai ne za ka kwana da rigimar. In har da gaske yake, ya sallame su cikin mutunci tukuna, ka ga gida fayau, sannan ka biya.

Lauya daga Layout: Malam, wata gudan nan da ya faɗa maka ba haka doka take ba. Sayar da gida ba ya kashe hayar da ke kansa, kai ne kawai za ka zama sabon mai gidansu. Ɗan hayar shekara notis na wata 6 ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata 1, sai in yarjejeniyarsu ta rubuta wani abu daban. Idan wa'adi ya cika bai tashi ba, a ƙara masa na kwana 7, daga nan kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Cire kwano, sa kwaɗo a ƙofa ko watso kaya waje duk za su mayar da kai mai laifi. Sannan ka kai takardun gidan ma'aikatar filaye a bincika. Dokar filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake sauya sunan mai takardar mallaka, kuma a can za ka gane ko an jinginar da gidan a banki.

Malam daga Rafin Daɗi: Abin da lauya ya faɗa ya dace da fiƙihu. Cinikin ya halatta, amma ba ya warware haya, domin mai gidan ya riga ya sayar wa mutanen nan amfanin ɗakunan har ƙarshen wa'adinsu. Tunda ka sani kafin ka saya, ba ka da hujjar tashinsu. Ku daidaita da shi a kan kuɗin watannin da suka rage, a cire maka daga farashi, a rubuta a gaban shaidu.

Maman Sadiƙ: Alhaji, ni mai marayun nan ce ta tsaya mini a rai. Na taɓa zaman haya, ranar da aka sayar da gidan a bakin yara na ji labari, tukunya na kan wuta. Don Allah kada ka bari ta ji a bakin maƙwabta. Ka tura maiɗakinka ta shiga ta zauna da ita, ta faɗa mata gaskiya da lokacin da kuke so. Samun ɗaki kusa da makarantar yaranta ba abu ne na sati ɗaya ba. In Allah ya hore maka, ka bar ta a ɗakin bakin zauren ko da na ɗan lokaci ne, ba abin da zai rage ka.

Wani dillali: Ka duba bashin wuta a KEDCO da lambar mitar gidan. Kuma ka tambayi mai unguwa ko gidan gado ne. In na gado ne, sai kowane magaji ya sa hannu, har mata.

Baban Ummi: Malam, a gafarce ni, ni dai ina nan kan bakana. Ko an cire masa kuɗin, ai ba kuɗi yake nema ba, wurin zama yake nema.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baban Ummi, na ji maganarka, amma hayata ba za ta ƙare ba sai bayan tasu, don haka zan iya jira. Na kira dillali na ce ba zan ba da ko kafin alƙalami ba sai an zauna a ƙofar mai unguwa, da mai gidan da 'yan hayar su uku, kowa da rasit ɗinsa, a rubuta ranar tashi da abin da za a rage mini. Maman Sadiƙ, maiɗakina za ta je wurinta gobe da la'asar in sha Allahu. Lauya, zan turo maka hoton takardun ta akwatin saƙo ka duba mini kafin ranar zaman.