VPN na rage jinkirin wasa kuwa?

Ɗan Misfala: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Makka. Bayan isha'i in na hau wasan Fortnite ta intanet, ping ɗina (lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo) sai ya haura milisakan 150, kafin in harba an riga an kwantar da ni. In sayi VPN na 'yan wasa, wato manhajar da ke bi da intanet ɗin mutum ta wata hanya daban?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara duba sabar da kake kai, wato kwamfutar kamfanin wasan da kake haɗuwa da ita. Fortnite tana da ta Gabas ta Tsakiya tun 2019, wasu kuma suna kan ta Turai ba su sani ba. VPN ƙarin zango ne. Sai in kamfanin layinka na zagayawa da kai ta doguwar hanya yake taimakawa.

Bakanon Jidda: Ni dai wayar kebul na ja daga rauta (na'urar da ke raba intanet a gida), na bar Wi-Fi. Mu takwas ne a gidan, kowa da bidiyonsa.

Ɗan Misfala: To Yaya, bari in gwada wayar kebul ɗin tukuna.